Kawu Clarrie da Laifuffukansa Ashirin da Shida

Dunduniyar takalmin Kawu Clarrie ta hagu ta cinye sosai, ta dama kuwa kamar jiya aka saya. Na lura da haka ne da safiyar wata Litinin, yana goge ƙafa a bakin ƙofar ofishinmu. Ba abin mamaki ba ne. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana zagaya fage ɗaya, kullum ta hannu ɗaya, dole takalminsa ya karkace.

Ya cire hula ya ɗora a kan teburina.

"Malama Merle," ya ce, "an ce a wurinki ake samun takardar zama mutumin kirki."

"Fom ne kawai, Kawu."

"To ba ni biyu, ko zan ɓata ɗaya."

A lokacin, shekarar 1983, ni ce ƙaramar akawun kotun Brannock. Na dawo daga Perth, babban birnin jiharmu, da digiri a tarihi, wanda ba wanda ya tambaye ni shi, a garin da kowa ko dai yana haƙar zinariya ko yana sayar wa masu haƙar giya. Aikin ya yi mini daidai. Akwai tafireta, akwai fanka, akwai kuma wani dogon kabad da nake laɓewa a bayansa idan mutane sun yi yawa. Kawu Clarrie wan mahaifiyata ne. Shi kaɗai yake kirana Malama a garin, don yana jin daɗin ganin kunnuwana sun yi ja.

Sana'arsa cacar kwabo biyu. Mil shida a bayan gari, cikin daji, akwai wata zagayayyiyar rumfar kwano mai tsatsa, a tsakiyarta fage. Mutum zai ɗora tsofaffin kwabbai biyu a kan wani ɗan katako ya wurga su sama. In duka sun faɗo da kan sarki, masu sarki sun ci. In duka sun faɗo da baya, masu baya sun ci. In sun saɓa, a sake. Iyakar wasan ke nan. Rumfar ta Ante Vukovich ce, mahaucin garinmu, amma fagen na Kawu ne. Shi yake miƙa katakon, shi yake duba ko kwabban sun wuce kan mai wurgi sun kuma juya yadda ya kamata, shi yake sunkuyawa ya faɗi abin da ya faɗo. Abin da ya faɗa kuwa ya zauna. An yi faɗa a rumfar nan a kan mata, a kan karnuka, a kan ƙwallo, amma ba a taɓa yi a kan kiran Clarrie Pascoe ba.

Doka ta hana wasan tun kafin a haifi kakata. Tun kafin a haife ta ɗin kuma kowa ya san inda ake yinsa. Har wani duro mai farin fenti aka ajiye a mararraba don kada baƙi su ɓata. Sai ga shi an shekara goma da buɗe katafaren gidan caca a birnin Hobart da izinin gwamnati, ana kuma maganar gina wani a Perth, mai kafet da fitilu. Manya suka ga ba zai yi kyan gani ba a ce suna yanka ƙyalle a birni, 'yan sandansu kuma suna bin tsofaffi da gudu a daji. Aka ce Brannock ta ci gaba da wasanta, amma da lasisi. Mai rumfa ya nemi nasa, mai fage ma ya nemi nasa. Mata kuma, waɗanda ba a taɓa bari sun leƙa ba, an buɗe musu ƙofa.

Kawu ya tsaya yana cike fom, yana lasar bakin fensir. Da ya zo tambaya ta bakwai sai ya karanta da ƙarfi.

"'Kotu ta taɓa samunka da laifin gudanar da caca?'" Ya rubuta E da babban baƙi, ya dubi layi biyun da aka bari a ƙasa. "Wannan wurin ba zai isa ba. Ƙaro mini takarda."

"Sau nawa ne, Kawu?"

"Ashirin da shida," ya ce, kamar mai faɗin yawan jikokinsa.

Na juya fom ɗin na nuna masa ƙananan rubutun da ke baya. Duk wanda aka taɓa samu da wannan laifi, ba shi ba lasisi. Ya karanta sau biyu, leɓɓansa suna motsi.

"To wa za su ba?" ya ce. "Fadan coci?"

Yadda ya tara ashirin da shidan ba ɓoyayyen abu ba ne. Sau ɗaya a shekara, sau biyu in shekarar zaɓe ce, Saje Doolan na 'yan sandan garinmu yakan buga wa Ante waya a mahauta. "Lahadi, ƙarfe uku. Mutum goma sha biyu nake so, kuma kada ka ba ni mai tari irin na bara." Ante sai ya bi mashaya ya tattaro tsofaffin 'yan fansho. Ranar Lahadi masu caca na gaskiya su koma gindin bishiya da giyarsu, tsofaffi su jeru a benci cikin kayan zuwa coci, Saje ya iso da mota ya yi musu samame. Litinin majistare ya ci su tara, Ante ya biya, kowa ya samu abincin rana kyauta. Perth ta ga an yi aiki, wasa ya ci gaba ranar Talata.

Sai dai a cikin sha biyun dole a samu ɗaya da za a ce shi ne mai gudanarwa. Ante yana da mahauta, da iyali, da kujera a kwamitin coci. Kawu ba shi da ko ɗaya. Abin da yake da shi wata kwat ce ruwan ƙasa da yake ajiyewa don wannan rana kawai, da kuma son ganin sunansa a jarida. Sauran tsofaffin sunan ƙarya suke bayarwa, kamar yadda aka saba. Shi kaɗai yake ba da nasa, har yana gyara wa ɗan sanda yadda ake rubuta Pascoe.

Muna cikin haka Ante ya shigo da nasa fom ɗin a hannu ɗaya, ƙunshin nama a ɗayan, ya ce in kai wa Mama. A tambaya ta bakwai ya rubuta A'a, kuma gaskiya ya faɗa.

"Dubi mutumin kirki," in ji Kawu. "Ko tarar ajiye mota ba a taɓa cinsa ba."

"Tsoho, rubuta a'a mu wuce wurin. Wa zai duba?"

"A kotun da ta yanke mini hukuncin? Littattafan suna bayan kabad ɗin can, Ante. 'Yar ƙanwata ce take kaɗe musu ƙura."

Ante ya sosa ƙeya. "In ba kai, wa zan sa a fage? Graeme?"

Graeme mijin 'yarsa ne, ma'aikacin inshora, wanda bai taɓa taka rumfar ba don ƙura tana sa shi atishawa. Sai suka juyo gare ni tare.

"Ke da kika yi jami'a," in ji Ante.

"Tarihi na karanta," na ce, amma ban tabbata sun ji ba. Na karɓe fom ɗin Kawu na jefa a aljihun tebur, na miƙa masa na biyun, na ce ya bar tambaya ta bakwai ba komai tukuna. Wata jami'a, Misis Hallam, za ta zo daga Perth ranar Alhamis ta sama ta saurari masu nema. Muna da kwana goma.

Kwana uku na yi ina cin abincin rana a ɗakin ajiya, littattafan kotu a cinyata. Ban san abin da nake nema ba, karatun dai shi ne abin da na iya. Na ga wani John Smith da aka ci tara sau ɗari da goma sha huɗu, wata rana ma sau uku a zama ɗaya. Na ga wani tsoho da aka binne a 1949 yana ta aikata laifi har 1966. Na ga sunayen dawakan tsere guda biyu. Na fara lissafa na Kawu da fensir, na kai ashirin da shida, littattafai ba su ƙare ba. Talatin da uku na samu.

Na sake ƙirgawa, talatin da uku. Ɗaya ya faɗo a ranar Lahadin da aka yi mini baftisma a Esperance, tafiyar kusan yini guda daga nan, kuma akwai hoton ranar a falonmu, Kawu yana riƙe da ni kamar an ba shi ajiyar ƙwai. Wani kuma a watan da yake kwance a asibiti a Perth da karaya.

Saje Doolan ya shekara biyar da barin aiki. Na same shi a bayan gidansa da singileti, yana ba tumatir ruwa. Sai da na gaishe shi sau biyu kafin in samu ƙarfin tambaya.

"Saje, yaya aka yi aka kama Kawu a Brannock alhali yana Esperance?"

Bai ko ɗago ba. "Takardun tun Juma'a ake buga su, 'yata. In Clarrie bai zo ba sai wani ya ja hula ya amsa sunan. Wa zai zauna ya sake buga takarda da yatsa biyu? Kin taɓa ganin tafiretar caji ofis?"

"Majistare bai gane ba?"

"Majistare abokin kamun kifin Clarrie ne. Rufin ɗaki yake kallo har a gama."

Na tambaye shi ko zai maimaita wannan a gaban Misis Hallam.

"Na yi ritaya," ya ce. "Me za su yi mini, su ƙwace tumatir?"

Ranar Lahadi Kawu ya zo cin abinci gidanmu kamar kullum. Mama ta gasa cinyar tunkiya da dankali da kabewa. Na jira har ya cika baki sannan na gaya masa abin da na gani.

Ya ajiye wuƙa. "Bakwai? Wa ya ci bakwai da sunana?"

"Ba wannan ba ne abin dubawa, Kawu."

"Na san ɗaya. Stan Roe ne, mai manyan kunnuwan nan. Shi ya sa ya daina haɗa ido da ni."

Na yi masa bayani a hankali. Littafin da ya kama matacce, ya kama doki, ya kuma kama mutum yana wani gari, ba wanda zai dogara da shi. In Misis Hallam ta yarda da haka, ba wata shaida a kansa, sai ta sa hannu.

"Ba ƙarya za ka yi ba," na ce. "Shiru kawai za ka yi."

Mama ta yi dariya har sai da ta dafa tebur. "Shiru? Clarrie? Ko a jana'izar Baba sai da ya gyara wa fada shekarun mamaci."

"Biyu ya ƙara masa, Dulcie."

"Gwangwanin nan kuma ka bar shi a gida," na ce. Yana da wani gwangwanin biskit da ya tara yankunan jarida a ciki, duk ranar da aka kama shi, kowanne manne a kan kwali da kwanan wata. Ba wanda ya taɓa shiga ɗakinsa ya fito ba a nuna masa ba.

"Wane gwangwani?" ya ce, ya miƙa faranti a ƙara masa dankali.

"Ni dai a ba shi lasisin," in ji Mama. "In ba fagen nan, a kicin ɗina zai riƙa yini yana koya mini fere kabewa."

Da ya tashi wanke hannu sai ta rage murya, tana tattara faranti ba ta dube ni ba. Ta ce tun da ya dawo daga yaƙi, a cikin fagen nan kaɗai hannunsa ba ya rawa. Ta ce in yi iyakar ƙoƙarina.

Ranar Alhamis kotu ta cika kamar ana shari'ar kisan kai. Misis Hallam 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, tabarau rataye da sarƙa a wuyanta. Abin da ta fara nema shi ne a ƙara gudun fanka. Batun Ante bai ɗauki minti biyar ba.

"Mista Vukovich, ba ka taɓa shiga hannun hukuma ba?"

"Ko sau ɗaya, ranki ya daɗe."

Wani a baya ya yi tari. Tarin ya bi benci-benci har bakin ƙofa.

Sai aka kira Kawu. Ya miƙe cikin kwat ɗinsa ruwan ƙasa, wadda rabin mutanen da ke wurin suka san abin da ake sa ta dominsa. Ni kuma na miƙe da littattafai guda huɗu da hoton baftismata. Ban saba magana a gaban mutum fiye da huɗu ba, ranar kuwa sun fi tamanin.

"Ɗaga murya, Merle," in ji Mama daga layi na biyu, abin da bai taimaka da komai ba.

Na fara da John Smith. Na bi da mamacin. Kafin in kai kan dawakan, Misis Hallam ta toshe baki da hankici, kafaɗunta suna motsi. Na miƙa mata hoton, na nuna mata kwanan watan da ke bayansa da wanda ke littafi. Saje Doolan ya tashi ya ba da labarin tafireta, ya ƙare da tambayarta ko tana cin tumatir, don ya zo da wasu a mota.

Ta rufe littafi na ƙarshe. "Na shekara ashirin ina karanta takardun gwamnati," ta ce, "ban taɓa ganin an ci doki tara ba." Sannan ta juya wajen Kawu, ta riƙa magana ɗaiɗai, kamar mai tsallakar da tsoho titi.

"Mista Pascoe, ga abin da zan rubuta. Littattafan nan ba abin dogaro ba ne, kuma ba a iya sanin ko mutumin da ke cikinsu kai ne. In na rubuta haka, ba abin da zai hana ni sa hannu a lasisinka. Kana da abin cewa? Ba dole ba ne ka ce komai."

Kawu ya dubi fanka. Ya dube ni, na girgiza masa kai kaɗan. Ante ya rufe ido. Biron Misis Hallam yana kan takarda. Sai Kawu ya sunkuya ƙarƙashin benci, na ji ƙarar gwangwani a kan siminti.

"Clarrie," in ji Mama.

"Ranki ya daɗe, ana iya sani," ya ce, ya buɗe murfi. "Bakwai ba nawa ba ne, ina kuma roƙon a goge su, musamman na Stan Roe. Ashirin da shida nawa ne. Ga su nan da kwanan wata."

Misis Hallam ta cire tabarau ta sake shi ya rataya a sarƙarsa. "Ba na gani sosai in ba tabarau, Mista Pascoe. Ban ga wani gwangwani ba. Kana iya mayar da abin da ka ɗauko."

"Ba komai, sai in karanta miki."

"Tsoho, zauna," in ji Ante ta tsakanin haƙora.

"Ba zan zauna ba. Ranki ya daɗe, mutanen nan da ke bayana, guminsu suke ajiyewa a ƙasa su jira in buɗe baki. Daga inda suke zaune ba sa gani, ni nake gani. In na ce sarki, ba mai tasowa ya duba. Yanzu in shiga fage da takarda a aljihu wadda ta ce ba a san ko ni ne aka kama ba? Duk garin nan sun san ni ne. Kallo suke zuwa."

Can baya wani ya ce, "Gaskiya ne, muna zuwa."

Ta mayar da tabarau. Ta karɓi kwalayen ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, duka ashirin da shidan, ba ta yi gaggawa ba. A kan na 1957 ta tsaya ta ce ashe da yana da gashi, ya ce ƙwarai kuwa. Sannan ta yi rubutu mai ɗan tsawo.

"Na so ƙwarai a ce yau da ciwon maƙogwaro ka tashi," ta ce.

Ta hana shi lasisi. Ta kuma karanta masa abin da doka ta ce: wanda aka hana yana iya zuwa ya zauna kamar kowa, amma ba zai taɓa katako ba, ba zai taɓa kwabo ba, ba zai kira abin da ya faɗo ba. In ya yi ko sau ɗaya, lasisin Ante ya tafi, rumfa ta rufe. A ƙarshe ta umarce ni in rubuta a gefen bakwai ɗin nan cewa ba Clarence Pascoe ba ne. Ya yi mata godiya a kan wannan har sau biyu.

A waje ya dafa kafaɗata. "Kin yi magana da kyau, Malama. Har na bayan ma sun ji wurin dawakan."

Don haushi na kwashi littattafaina na koma ofis. Mama ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana, a na uku ta aike ni da kwanon farfesu.

Aka buɗe wasan da lasisi ranar wata Asabar da rana tsaka. An share rumfar, an rataya lasisi cikin gilashi a jikin ginshiƙi, an kuma kafa allo na sosai a mararraba. Bas guda ta kawo 'yan yawon buɗe ido da kyamarori. Mata sun fi talatin, duk da hulunan zuwa biki. Mama ta tsaya a ƙofa ta dubi kwanon mai tsatsa, da tsofaffin kujerun mota da aka jera a bayan benci, da karen da ke barci a ƙarƙashin ɗaya.

"Wannan ne?" ta ce. "Wannan ne abin da suka shekara tamanin suna ɓoye mana?"

Saje Doolan ya zo da farar riga yana tambayar inda ake zama, wai shi daga bakin ƙofa kawai ya san wurin. Misis Hallam ta dawo don ta ga yadda za a fara, an ba ta kujera mai matashi kusa da Ante. Graeme yana tsakiyar fage da taye a wuya, ɗan littafin dokoki a aljihun gaba, hankici a hannu. Kawu ya zauna a benci na biyu tsakanina da Mama, cikin rigarsa ta kullum, hula a gwiwa. Duk wanda ya shigo sai ya gaishe shi kafin ya gaida Ante. Ban taɓa ganinsa a zaune haka kawai na minti goma ba sai ranar.

Graeme bai yi laifi ba, in za a faɗi gaskiya. Yana sunkuyawa ya duba, ya sake dubawa, sannan ya faɗa da 'yar murya kamar mai ba da haƙuri. Wasu tsofaffi suka riƙa miƙewa suna leƙawa da kansu bayan ya faɗa, abin da Saje ya ce mini a kunne ba a taɓa yi ba. Da katako ya zagayo layin mata, Mama ta karɓa, ta cire hula ta ba ni, ta wurga kwabban har suka kusa taɓa kwano. Sarki. Ta sake, sarki. Ta sake, sarki.

"Me ke da wuya a nan?" ta tambayi maza gaba ɗaya. Kawu ya yi dariya har da share ido.

Bayan ita aka ba wani ƙaton ɗan haƙar zinariya, kuma a lokacin wuri ya yi zafi, kowa ya ajiye abin da zai ajiye. Ya wurga. Kwabo ɗaya ya kwanta da kan sarki a fili. Ɗayan ya gangara, ya yi ta gangarawa har bakin fage, ya jingina da katakon da ya kewaye wurin, a karkace, bai kwanta ba bai kuma tsaya ba.

Graeme ya sunkuya. Ya miƙe. Ya sake sunkuyawa, ya yi atishawa, ya zaro ɗan littafinsa ya fara buɗe shafi. Masu sarki suka ce sarki ne ƙiri-ƙiri, masu baya suka ce a sake, ƙaton ya ce kowa ya taɓa kwabon nan za su haɗu a waje. Hayaniya ta yi sama, karen ya farka ya fice. Graeme yana ta juya shafi.

Sai hayaniyar ta fara sauka da kanta, daga wannan gefe zuwa wancan. Kawuna suka riƙa juyowa wajen bencinmu, na gaba suna waiwaye, na baya suna leƙe, har 'yan bas ɗin da ba su san dalili ba suka juyo da kyamarorinsu. Graeme ma ya ɗago daga littafi ya dubi inda kowa ke duba.

"Clarrie?" in ji Stan Roe, daga can ƙarshen benci.

Kawu ya gani. Tun kwabon yana gangarawa na ji jikinsa ya karkata gaba, kuma na san ya san amsar kamar sunansa. Ya ja numfashi, bakinsa ya ɗan buɗe. Ante ya dube shi, ya dubi Misis Hallam, ya dubi ƙasa. Misis Hallam ta sunkuyar da kai tana neman wani abu a jakarta, ta kuma daɗe tana nema.

Kawu ya rufe bakinsa. Ya ɗauki hularsa daga gwiwa ya sa, ya miƙe. Na janye ƙafafuna ya wuce. Mutanen da ke tsaye a hanya suka dare masa, ya bi ta tsakaninsu a hankali, ya fita ta ƙofar kwano.